Daga Mile 12 zuwa Kwatano: amsoshin tambayoyinku kan fatauci a ƙetaren iyaka

Wasiƙun da suka iso mana wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka nufa, wato titin Badagiri zuwa Seme, bakin iyakar Najeriya da Benin. Albasar Aliero, waken Kano, cittar Kudancin Kaduna, barkono da raguna duk a Legas suke sauka, kuma ga wanda ke Legas, bakin iyakar Benin ya fi Ibadan kusa. Mun miƙa tambayoyin ga masu aikin fiton kaya, da dillalan kayan gwari, da likitan dabbobi, ga kuma abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa da wake a Mile 12. Mutanen Kwatano ne ke zuwa su saya a hannuna su tafi da shi. Ina so in riƙa kai tirela guda da kaina. An ce mini kayan gona ba a biya musu kuɗin fito saboda ECOWAS. Gaskiya ne? Wace takarda zan nema? (Wani ɗan kasuwa, Mile 12)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rabin maganar aka faɗa maka. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS take da tsarin da ake kira ETLS, wanda ya yafe kuɗin fito a kan kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin ƙasashen ƙungiyar. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa ma bukatar takardar shaidar asalin kaya. To amma kuɗin fito kaɗai aka yafe. Binciken lafiyar kaya yana nan, bayyana kaya ga kwastan yana nan, kuma harajin cikin gida na ƙasar da za ka shiga, idan ya hau kan irin kayanka, sai ka biya.

Mai tirela guda ya wuce sahun 'yan ƙananan kaya da ke tsallakawa da buhu biyu a kan babur. Za ka fara da rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ko ku yi ta a ƙungiyance a matsayin ƙungiyar gama kai, wanda ya fi sauƙi ga 'yan kasuwa irin na Mile 12. Da wannan za ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje. Sai ka buɗe asusun kuɗin waje a bankinka, bankin ya buɗe maka fom ɗin NXP, wato fom ɗin fitar da kaya, a kan wannan lodin. A nan ne za ka biya kuɗin duba kaya na NESS, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan. Kafin mota ta tashi, jami'an NAQS, hukumar binciken lafiyar kayan gona da dabbobi, su duba albasar ko waken su ba ka takardar lafiyar tsirrai. Ita ce takardar da 'yan duwan (kwastan na Benin) da malaman gona na Krake, ɓangaren Benin na iyakar, za su fara tambaya. Ka haɗa da rasidin ciniki da jerin kaya: buhu nawa, kilo nawa, na wane iri. Doka ta kuma ce kuɗin kayan su dawo cikin asusun nan cikin kwana 180 daga ranar fitarwa. Wanda ya bar NXP a buɗe bai rufe ba, na gaba zai yi masa wuya.

Abin da ya fi tsayar da motoci a Seme shi ne saɓani tsakanin takarda da abin da ke cikin mota. An rubuta buhu 280, direba ya ƙara ashirin na wani a Alaba don ya sami na mai, aka ƙirga aka ga 300. Daga nan sai a ce a sauke duka a sake ƙirgawa, kai ne da biyan 'yan dako sau biyu, yini ya tafi. Mafi muni shi ne a cusa masara a ƙarƙashin wake. Masara tana cikin jerin kayan da Najeriya ta hana fitarwa, tare da katako, da ɗanyar fata da ƙirgi, da tsofaffin ƙarafa. Buhu goma na masara sun isa su jawo a riƙe motar gaba ɗaya. Ka tsaya a kan lodinka da kanka, ko ka sa yaron da ka yarda da shi ya bi motar.

Sai maganar lokaci, wadda ga mai albasa ita ce uwar riba. Albasar da ta iso Mile 12 ta riga ta yi kwana biyu ko uku a hanya, ta Kwantagora da Mokwa da Jebba. Kada ka juye ta daga wannan mota zuwa waccan kai tsaye. A zazzage, a tsince wadda ta yi laushi da wadda wuyanta bai bushe ba, domin ta wuya ruɓa ke shiga, kuma guda ɗaya tana ɓata na kusa da ita. A zuba a buhun raga ko na algarara, ba na leda ba. Idan an rufa tampol saboda ruwan sama, a bar gefe da gefe iska na ratsawa, don albasa tana numfashi, kuma a cikin laimar bakin teku zafinta yana taruwa da sauri. Ka sa hannu a tsakiyar lodi: in ka ji ɗumi kamar na jikin mutum, ta fara. Ka shirya tafiya yadda mota za ta isa Seme da safiyar Litinin zuwa Laraba, takardu kuma sun riga ta isa hannun ejan, wato mai yi maka fiton kaya. Motar da ta isa da yammacin Juma'a tana iya kwana uku a rana, domin ba dukan ofisoshin da za su sa hannu ke cika aiki a ƙarshen mako ba.

Wake ya fi haƙuri, matuƙar ya bushe sosai, danshinsa bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari ba. In ba ka da na'urar awo, ka ciza: busasshe yana fashewa da ƙara, mai danshi yana lotsewa. Muna roƙonka da babbar murya kada a zuba masa fiya-fiya ko Sniper. Guba ce ga mai ci, kuma irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon magani ba, in dai an ɗaure kowace leda daban kuma ba ta huje ba.

Tambaya: Idan na kai kaya Kwatano, ba na son motar ta dawo fayau. Shinkafa da kaji suna da araha a can. Tunda daga ƙasar ECOWAS na saya, ai ya halatta ko? (Mai mota, Agege)

Amsa: Bai halatta ba, Malam. ETLS yana duba inda aka noma kaya ko aka ƙera su. Inda ka saye su ba ya cikin lissafi. Shinkafar da ke jibge a rumbunan Kwatano daga Indiya da Tailan take, jirgin ruwa ne ya kawo ta. Ko an juye ta a buhu mai sunan kamfanin Benin, asalinta bai sauya ba. Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa tun 2016, ta hana shigo da motoci ta nan daga Janairun 2017. Daskararrun kaji da talotalo da gwanjo kuwa suna cikin jerin haramtattun kaya ta ko'ina aka biyo da su. Wannan fasa-ƙwaurin na cikin dalilan da suka sa aka rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020, kuma masu halastaccen kaya ne suka fi shan wuyar rufewar.

Ka lura da abu guda: idan aka kama haramtaccen kaya, har motar da ta ɗauko shi doka ta ba da damar a ƙwace. Kuma tsallake Seme ba shi ne ƙarshen bincike ba, akwai shingen bincike a Gbaji, akwai a Agbara. Ka auna ribar buhu hamsin na shinkafa da kuɗin tirela.

Akwai lodin dawowa na halas. Abarbar yankin Allada tana da kasuwa a Legas, haka garin rogo da tumatir a lokacin da namu ya yanke. Su ma sai da takardar lafiyar tsirrai daga can, a kuma bayyana su ga kwastan da NAQS a nan. Ka tambayi ejan tun kafin ka saya, domin Benin ma tana da nata hane-hanen: tun Afrilun 2024 ta hana fitar da ɗanyen kashu don masana'antunta su samu.

Tambaya: Na sayar da barkono a Kwatano da riba a lissafina, amma da aka biya ni bayan wata guda na canza kuɗin, sai na ga kusan uwar kuɗi kawai ta dawo. Ina kuskuren yake? (Wani matashi, Idi-Araba)

Amsa: Ɗan'uwa, ka saya da naira, ka sayar da sefa, ka kuma ba da bashi. Tsakanin ranar ciniki da ranar biya, canji ne ya cinye ribar. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Naira kuwa tana hawa tana sauka. Saboda haka duk motsin da naira ta yi a gaban yuro, ta yi shi a gaban sefa.

Ga misali da lambobin da muka ɗauka don bayani kawai. A ce kaya da kuɗin mota sun tsaya maka naira miliyan 10, ka sayar sefa miliyan 4.2. Ranar ciniki ana canza sefa dubu a kan naira 2,600, wato kuɗinka naira miliyan 10.92, riba 920,000. Bayan wata guda naira ta ɗan farfaɗo, sefa dubu ta koma 2,400. Kuɗinka ya zama miliyan 10.08, riba 80,000. Ba wanda ya cuce ka. Da naira faɗuwa ta yi, da ka ci ƙarin riba, amma ɗan kasuwa ba ya gina sana'a a kan sa'a. Mafita uku ce: ka karɓi kuɗi hannu da hannu ka canza a ranar, ko ku yanke farashi da naira tun farko, ko kuma ka juya sefar ta zama kayan dawowa ba tare da ta bi ta hannun ɗan canji ba.

Akwai wasu ramuka biyu da sabon shiga ke faɗawa. Na farko ƙirga. 'Yan'uwanmu na Nijar da Hausawan zangon Kwatano da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In aka ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi, dala ɗari sefa 500, jika guda sefa 1,000. A rubuta farashi da lamba a takarda kowa ya gani kafin a ce an sallama. Na biyu, sefa iri biyu ce. Ta Benin da Togo da Nijar da Kodebuwa daban, ta Kamaru da Cadi daban. Darajarsu a gaban yuro ɗaya ce, amma ba a cin kasuwa da ta Kamaru a Kwatano, kuma ɗan canji sai ya rage maka wani abu kafin ya karɓa.

Ɗaukar tsabar kuɗi a jaka a titin Badagiri kasada ce, kuma duk abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa wajibi ne a bayyana shi ga kwastan. Ka tambayi bankinka ko yana cikin tsarin PAPSS, wanda aka ƙaddamar a Akra a Janairun 2022 don mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa, mai sayarwa ya karɓa da nasa.

Tambaya: Ina haɗa yaji da turaren wuta, ina kuma sarin takalman fata na Kano da atamfa. Ƙanwata tana aure a Akra, ta ce in zo mu buɗe shago. Me ya kamata in sani? (Wata uwargida, Agege)

Amsa: Hajiya, kayanki huɗu ne, hukuncinsu uku. Takalman fata da aka ɗinka da hannu, da turaren wuta na haɗin gida, kayan sana'ar hannu ne, ba sa bukatar shaidar asali. Yaji kuwa, da zarar an niƙa shi an zuba a roba an manna masa suna, ya zama sarrafaffen abinci. Yana bukatar rajistar NAFDAC a nan, da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana kafin ya hau kanta a can. Idan kina so ya shiga ba kuɗin fito a matsayin kayan masana'anta, sai kin nemi amincewar kwamitin ETLS na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Kowane kaya da nasa amincewar: ta yaji ba ta rufe ta kilishi. In za ki sayar a Kwatano ko Lome, a rubuta bayanin jikin robar da Faransanci, da ranar haɗawa da ranar lalacewa.

Atamfa ita ce mai matsala. Yawancin wadda ke kasuwa yau daga Caina take, ba ta da rabo a ETLS, kuma jerin hanin Najeriya ya haɗa da sake fitar da kayan da aka shigo da su daga waje. Sai dai in ta masaƙar gida ce kuma kina da shaida.

Maganar shago kuma, ki taka a hankali. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ki damar shiga Gana ki zauna har kwana 90 ba biza, amma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa jarin dalar Amurka miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. A kan wannan dokar aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ki zama mai ba da sari: ki aika wa ɗan ƙasa mai rajista, da yarjejeniya a rubuce, ko da surukinki ne. A fara da ɗan kaɗan a ga yadda biya ke tafiya.

Tambaya: Muna sayo raguna daga Nijar kowace Babbar Sallah. Yanzu da suka fita daga ECOWAS, yaya lamarin yake? Kuma me ke sa raguna su iso lafiya, bayan kwana uku su fara mutuwa? (Dillalin dabbobi, Alaba Rago)

Amsa: Alhaji, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kayansu bisa tsohon tsari har sai an sanar da wani abu. Ta ɓangarenmu ke nan. Ta ɓangarensu, gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancensu ba a Oktoban 2024, sannan ta hana fitar da dabbobi gab da Layyar 2025. Don haka kada ka tura kuɗin kafin alƙalami Maraɗi ko Ƙonni sai ka tabbatar da halin da ake ciki a wannan makon daga mutanenka na Illela, Jibiya ko Maigatari. Ka kuma raba ƙafa, wani kaso na kuɗin ya tafi kasuwannin gida.

Mutuwar bayan isowa kuwa, yawanci a hanya aka ɗauko ta. Rago ya yi kwana biyu ko uku a tsaye, a matse, ga ƙura ga ƙishirwa, ya baro busasshiyar iskar Arewa ya faɗo cikin ruwan saman Legas. Garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, sai ciwon huhu ya kama shi. In kuma akwai guda ɗaya mai cutar PPR, wato annobar tumaki da awaki, a cikin motar, zai raba wa saura, alamun kuma sai bayan kwana huɗu zuwa shida suke bayyana: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari. Wajen saye a buɗe bakin kowane rago, a duba hanci da ƙarƙashin wutsiya. A karɓi takardar likitan dabbobi ta gaskiya, wadda aka bayar bayan an duba. A raba manya da ƙanana da shinge a cikin mota, kada balami ya danne ɗan yankasa. A shimfiɗa yashi da ciyawa a ƙasa saboda santsi, a tsaya a shayar aƙalla sau ɗaya a yini. In sun sauka, a fara da ruwa da harawa, a jinkirta dusa da hatsi zuwa washegari kuma kaɗan-kaɗan, domin ragon da ya kwana da yunwa in ya cika ciki da dusa, kumburi ke kashe shi. Sabon lodi a ware shi daga na da, a sama musu rumfa da busasshen wuri. Wanda aka yi wa allura, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a yanka, a kuma gaya wa mai saye.

Tambaya: Daf ɗina ba ta taɓa fita waje ba. An ba ni lodi zuwa Akra. Me zan tanada? (Direba, Ijora)

Amsa: Malam direba, kai da yaron mota kowa da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Mota kuma da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallaka na asali. A kowace iyaka za a ba ka takardar izinin shigar mota mai wa'adi, ka duba ranar ƙarewarta. Iyaka uku za ka tsallaka: Seme-Krake tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana. A Benin da Togo kayanka masu wucewa ne, haka za a bayyana su, kuma ba a sauke ko buhu ɗaya a hanya ko a taɓa hatimin da aka ɗaura. Lodin da aka saba yi a gida ba zai wuce sikelinsu ba: ƙa'idar yankin tan 11.5 ce a kan gatari guda mai jan mota, wanda ya haura sai tara da sauke ragowar. Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya, ka gyara agogo. Duk kuɗin da ka biya ka nemi rasidi, da shi mai kaya zai yarda da lissafinka.

Tambaya: Goron da nake sayowa daga Gana yana yin sankara kafin ya kai Kano. (Mai goro, Agege)

Amsa: Baba, ƙwaron tun daga gona yake shiga, a cikin huhu yake hayayyafa. In goro ya sauka Agege kada a wuce da shi a ɗaure. A kwance, a tsince mai huji da mai baƙin tabo, a ware marsa daban minu daban, a sauya ganyen da ya bushe da ɗanye, sannan a sake ɗaurewa. A maimaita tsincewar duk bayan mako biyu zuwa uku. Kada a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan, tunda ɗanye ake cin sa. A mota a sa huhun inda rana da zafin inji ba za su same shi ba, kuma kada a ɗora masa wani kaya a kai.